Ƙullin Ƙasa Biyu Daga Bidar

Bidar, 6 ga Agusta, 1995

Ɗana Mukarram,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kana kan sallarka da karatunka. Mu nan sai godiya, ban da ruwan sama da ya hana shanya bushewa kwana tara. Yayarka ta zo da yaranta daga Gulbarga, sun yi ɓarnar da za su yi sun koma. Basappa yana gaishe ka. Shekara talatin ke nan yana zaune a shagon Abbanka yana buga zaren azurfa a jikin ƙarfe, har yau bai koyi cire takalmi kafin ya tako mini tsakar gida ba.

Mun ga lambarka a jarida, ka tsallake matakin farko na jarrabawar ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati. Alhamdu lillahi. Maƙwabta sun zo neman alewa, na ce su koma. Sau biyu kana tsallake wannan matakin, sau biyu kana faɗuwa a na biyu, kuma wannan ne zama na ƙarshe da doka ta yarda maka. Ranar da aka kira ka Kalakta, aka damƙa maka gunduma, ni da kaina zan bi gida-gida da faranti. Kafin nan babu abin murna.

Ga dalilin rubutuna. Abbanka yana da ƙurji a gefen harshe, wata uku bai warke ba. Tun ranar da na shigo gidan nan nake ce masa ya bar tauna ganyen pan da taba, bai ji ba. Yanzu ciwon ya sa masa wani tunani: wai ka zo gida kwana goma, ya kai ka cikin ganuwa. Ka san abin da yake nufi. Ya shiga da kai ɗakunan tsohuwar fada masu duhu, inda rana ba ta leƙawa, ruwa ba ya zuba, ya kankaro ƙasa ya ɗora maka a harshe, har ka iya bambance wadda za ta mai da ƙarfe baƙi wuluk da wadda za ta bar shi toka-toka. Kakansa ya ɗora wa ubansa, ubansa ya ɗora masa, shi kuma bai ɗora wa kowa ba.

Na ce masa, "Abban Mukarram, yaron da zai riƙe gunduma za ka kai ya lashi bango?"

Ya kira ni da laƙabin da ya saba, ya ce, "Begum, harshen nan aro ne. Ina jin mai shi ya fara nema."

Na ce ya daina yi wa kansa mugun baki a gaban abinci.

Ka saurare ni da kyau. Idan ya rubuto maka a ɓoye, ko ya sa aka kira ka ta wayar kantin unguwa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce bayan jarrabawa. Na gama aji goma, ni na zo ta ɗaya a tarihi a duk makarantarmu, na san abin da karatu yake buƙata. Na kuma ga ranar da ubanka ya kai wa wani babban ma'aikaci akwatin da ya yi wata huɗu yana yi, aka bar shi tsaye a baranda tun hantsi har azahar, sannan masinja ya fito ya karɓa. Ban haife ka don ka tsaya a barandar kowa ba.

Ƙasa tana nan, shekara ɗari biyar ba ta je ko'ina ba. Ka rage shayi. Ka daina barin haruffanka suna kwanciya, masu duba takarda ba sa son haka.

Mahaifiyarka,
Zebunnisa

Delhi, 21 ga Agusta, 1995

Ammi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Ina lafiya, sai zafi da sauro. Ki gaishe da Abba da jiki, ki ce wa Basappa na amsa.

Abba bai rubuto ba, bai kira ba. In ya kira zan faɗi abin da kika ce. Amma Ammi, ƙurjin wata uku ba na maganin kanti ba ne. A kai shi wurin likita.

Yanzu ina bitar wuraren tarihi da sana'o'in hannu. Na manne taswira a bango, na soke ta da allurai: kogwannin Ajanta, hasumiyar Sanchi, keken dutse na Hampi, haikalin Konark. Wane sarki ya gina, wace shekara, da wane dutse, wa ya rushe. Da safe in hardace, da yamma su gauraye mini a ka, in ɗauki ginin wani sarki in ba jikansa. Ban taɓa zuwa ko ɗaya daga cikinsu ba. Hampi ma da take jiharmu, a hoto na san ta.

Abokin ɗakina Tribhuwan, ɗan Bihar ɗin da na ba ki labari, shi yake yi mini tambayoyi in amsa. Jiya ya buɗe babin sana'o'i yana karantawa da muryar mai labarai a rediyo. Saƙar Patan, mayafin Kashmir, tagullar Moradabad. Sai ya tsaya ya ce, "Tashi tsaye, ranka ya daɗe, ga gidanku a littafi." Ya karanta: aikin Bidri, garin Bidar, zamanin sarakunan Bahmani, azurfa a jikin baƙin ƙarfe, ana baƙanta shi da ƙasar tsohuwar fada. Shi ke nan. Layi uku.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura? Kai fa ɗan gata ne. Uwata shekara arba'in tana zanen Madhubani a bango, layi biyu suka ba ta. Ubanka ya fi uwata da layi guda, kana ƙorafi."

Muka yi dariya. Can sai ya ce, "To tsakani da Allah, wane ɗanɗano ƙasar take da shi?" Na ce ban sani ba. Ya zaci wasa nake. Ya ce, "Ɗan gidan ne kai ko ɗan haya?"

Ban rubuto wannan don in ja da maganarki ba. Na san abin da kika sha a kaina. Sai dai na lissafa: kwana biyu a jirgin ƙasa zuwa, kwana biyu dawowa, kwana uku a gida, mako guda ke nan, ba kwana goma ba. Zan iya karatu a jirgi. In kin yarda, farkon Satumba ya fi sauƙi. In ba ki yarda ba, na haƙura.

Ɗanki,
Mukarram

Bidar, 10 ga Satumba, 1995

Mukarram,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Ruwa ya ɗauke. Abbanka yana cin abinci mai ruwa-ruwa, ya daina taɓa yaji.

Ban yarda ba. Na ga har kwanakin ka lissafa, wato ka zauna da alƙalami da takarda, lokacin da ya kamata a ce kana kan sarakunan Vijayanagar, kana tsara yadda za ka gudo. Haka ka yi a zama na biyu, ka zo bikin yayarka "na kwana uku", ka koma da zazzaɓi, muka ga sakamako. Wanda ya ce zai yi karatu a jirgi bai taɓa shiga jirgin Delhi ba, ko kuwa ya ɗauki uwarsa wawuya.

Shi kuma wannan Tribhuwan, in yana da lokacin yi wa iyayen mutane ba'a, kai ba ka da shi. Layi uku suka rubuta, layi ukun za a tambaye ka. Ka hardace su. Ba za a ba ka maki don ka san ɗanɗanon ƙasa ba.

Na karanta wa Abbanka takardarka, ban da wurin lissafin kwanaki. Da na zo kan layi ukun nan ya yi dariya har ya riƙe muƙamuƙi. Ya ce, "Ba su faɗi man kwakwar da ake shafawa a ƙarshe ba? To wanda ya rubuta bai taɓa riƙe abin a hannu ba." Sannan ya ce, "Yaushe zai zo?" Na ce bayan jarrabawa. Ya dube ni ya ce, "Ke kika ce ko shi ya ce?" Na ce duk ɗaya ne. Ya tashi ya tafi shago, bai sha shayinsa ba. Namiji mai shekara sittin da biyu yana fushi kamar yaron goye.

Maganar likita, ba sai ka koya mini ba. Ƙarshen wata za mu je Hyderabad a duba shi.

Yanzu ga doka, kuma ina so ka ɗauke ta kamar yadda ka ɗauki sallar asuba. Daga ɗaya ga Oktoba har ranar da za ka ajiye alƙalami a takarda ta ƙarshe, kada ka buɗe wasiƙar kowa. Ta abokai, ta yayarka, ta Abbanka, har tawa. Duk wadda ta zo ka jefa ta cikin akwati ka kulle. Labarin gida yana cinye hankali, mai daɗi da mara daɗi. Na san halina, wata rana zuciya za ta ɗebe ni in rubuto maka faɗa, ba na so ya shiga tsakaninka da karatu. Ka rubuto mini layi ɗaya cewa ka yi alkawari. Ban taɓa kama ka da karya alkawari ba, kada ka fara da wannan.

Mahaifiyarka,
Zebunnisa

Bidar, 7 ga Oktoba, 1995

Ɗana,

Assalamu alaikum. Katinka mai layi ɗaya ya iso tun makon jiya, na ga alkawarin. Ina fatan kana lafiya. Mu ba mu da ita.

Mun je Hyderabad. Sun yanki ɗan nama daga wurin, muka jira kwana shida. Ciwon daji ne. Likitan ya ce za su cire fiye da rabin harshen ranar ashirin da huɗu ga wannan wata, daga baya a yi masa gashin wurin da na'ura. Ya ce magana za ta yi wuya, ɗanɗano kuwa kada mu sa rai. Abbanka bai tambayi ko zai rayu ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Likita, ɓangaren da za ku bari, yana jin gishiri?" Likitan ya dube ni, ya zaci tsoro ne ya taɓa masa hankali.

Jarrabawarka tana farawa ashirin da bakwai. Idan ka taso ranar da takardar nan ta same ka, za ka samu kwana ukunka a ganuwa, ka koma da sauran mako guda a hannu. Lissafinka ne, na sake yin sa da kaina, daidai yake.

Ka zo.

Na san abin da na sa ka yi wa alkawari. Na je gidan waya da niyyar buga maka talgiram, don na san shi dole ka buɗe. Na karɓi takardar, na rubuta, na tsaya a layi. Da aka zo kaina sai na ga kamar ina sa hannu a kan faɗuwarka, shekara shida na wahala su tafi a kalma huɗu. Na yayyaga ta na fito. Na zaɓi wasiƙa, na bar wa Allah hukunci. In Ya so ka zo, zai sa ka saɓa mini ka buɗe.

Ban taɓa roƙon Allah Ya sa ɗana ya ƙi jin maganata ba sai yau.

Zebunnisa

Bidar, 19 ga Oktoba, 1995

Mukarram,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha biyu, babu amsa, babu kai. Kullum da hantsi Abbanka yana fitar da kujera ƙofar shago, wai iska yake sha. Jirgin Hyderabad yake jira ya ji kukansa. Na gaya masa na rubuto maka. Ban gaya masa dokar da na kafa ba.

Ka yi biyayya. Haka na rene ka.

Ranar Litinin ya ce wa Basappa ya ɗauko buhu. Na ce ina za shi da wannan jiki? Ya ce ɗibar ƙarshe. Na yafa mayafina na ce da ni za a je. Basappa ya buɗe baki ya ce, "Uwar gida, mata ba sa..." Na ce ya rufe mini baki ya riƙe buhunsa. Na ce wa Abbanka, tunda ɗan bai zo ba, ya ɗora wa uwar, in ya so ni in ajiye masa.

Ya ce, "Sa takalmi mai rufi, akwai kunamu."

Shekara talatin da huɗu ina garin nan, sarakunan da suka gina fadar na san su da shekarunsu tun ina aji bakwai, amma ban taɓa shiga waɗannan ɗakunan na ƙasa ba. Wari na jemagu, duhu da rana tsaka. Buhu ɗaya mai gadi yake kau da kai a fitar, saboda haka a can ciki ake zaɓe, babu damar a kwaso a zo gida a gwada. Abbanka yana tafe yana shafa bango, ya kankara da farce, ya kai gefen harshen da yake da lafiya. Duk sanda ya yi sai hawaye ya zubo masa don zafi. Ya tofar, da jini a ciki. Ya ce, "Ba ita ba." Mu ƙara gaba.

A ɗaki na biyar ya tsaya. Ya ɗora mini a harshe da yatsansa. Ya ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Ƙasa."

Ya kai ni ɗakin baya ya ɗora mini wata. "Wannan fa?"

Na ce, "Ƙasa."

Ya ce, "Haba Begum! Ke da kike gane an ƙara gishiri ƙwaya uku a miyar maƙwabta ta kan katanga? Waccan tana cizo a gefe, sannan ta bar sanyi. Wannan shiru take. Sake ji."

Na sake. Kwana uku muna komawa. Na bar yaji, na bar shayi, na wuni da bakina kamar mai azumi. Ya rufe mini ido ya gwada ni sau goma, na dace sau huɗu. Basappa da ya yi ta cewa bai iya ba, ya gwada, ya dace sau biyar, ya ce shi ma canka yake yi.

A hanyar dawowa ranar ƙarshe Abbanka ya zauna a kan wani dutse ya huta. Ya ce, "Ba laifinki ba ne, da ƙuruciya ake buɗe harshe. Yaron nan yana da shi. Kin tuna yana shekara bakwai, ranar da kika same mu a bayan shago? Na ba shi ƙasa iri biyu. Ya tofar da ɗaya, ya riƙe ɗaya a baki yana dariya, ya ce tana yi masa tsitsi. Ta kirkin ya riƙe. Sai kika shigo."

Na tuna. Na buge hannunka, na wanke maka baki da sabulu, na ce ɗana ba akuya ba ne. Ban san ka dace ba. Bai taɓa gaya mini ba.

Jibi za mu tafi asibiti. Ka yi karatu.

Zebunnisa

Delhi, 18 ga Nuwamba, 1995

Ammi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya a jiki. Ya jikin Abba?

Jiya a waya na kasa magana, mai kantin yana tsaye a kanki, ni ma mutane suna layi a bayana. Kin ce Abba ya rubuta a allo kada in zo sai an gama gashin, ba ya so in gan shi da robar abinci a hanci. Na ji. Zan jira zuwa ƙarshen Disamba. Na saba jira.

Ranar da na gama takarda ta ƙarshe na dawo ɗaki na buɗe akwati. Wasiƙu biyu naki suna ciki. Ta bakwai ga Oktoba ta iso ranar goma sha ɗaya, ga hatimin a jiki. Na riƙe ta a hannu a ranar, Ammi. Na ji ba ta da nauyi, na ce wannan ba irin taki ba ce, taki takan cika shafi huɗu. Tribhuwan ya ce, "Buɗe mana, wa zai gaya mata?" Na ce ba ka san uwata ba. Na jefa ta a akwati ina jin kaina wani mutumin kirki.

Kin ce kin bar wa Allah hukunci. Ki gafarce ni, ba Shi kika bar wa ba. Kin san ɗan da kika rena. Kin kulle ƙofa da hannunki, kika riƙe mabuɗin, sannan kika tsaya a waje kina kira a hankali. Kalma huɗu a talgiram, da na zo.

Za ki so jin labarin jarrabawa. Ba ta yi kyau ba. A takardar tarihi ta biyu lokaci ya ƙare mini da sauran tambaya guda da rabi, kuma na san abin da hakan yake nufi, wannan ne karo na uku da nake fitowa daga ɗakin nan. Kada ki jira jaridar watan Maris da wani fata.

A cikin gajerun tambayoyi an ce a yi bayani kan sana'o'in ƙarfe na yankinmu. Na rubuta abin da yake littafi, na tsaya. Akwai sauran fili a shafin, rabin shafi fari. Na zauna ina kallonsa. Ɗan Bihar da ɗan Punjab da ni, amsarmu ɗaya.

Ban san abin da zan zama yanzu ba. Shekaruna sun wuce na gwamnati. In akwai abin da ya rage a shago da mutum zai koya, zan koya.

Mukarram

Hyderabad, 2 ga Disamba, 1995

Ɗana Mukarram,

Assalamu alaikum. Muna gidan ƙanwar Abbanka kusa da asibiti. An yi masa gashi sau goma sha takwas, saura goma sha biyu. Ya rame, wuyansa ya yi baƙi. Madara da ruwan zafi duk ɗaya suke a bakinsa. Yana magana da allo da alli, kuma ko a allon bai daina gardama ba.

Na karanta takardarka. Ba haka ake yi wa uwa magana ba, ko da ta yi laifi. Wannan na farko. Na biyu, abin da ka faɗa gaskiya ne. Na san ba za ka buɗe ba. Na so in ce na kira ka, kuma na so ka zauna jarrabawar, na nemi hanyar da zan samu duka biyun. Yanzu ga shi ba ni da ko ɗaya. Ba zan sake maimaita wannan ba, ka adana takardar in kana so.

Ka ce za ka koyi abin da ya rage. Zubi da sassaƙa da bugun azurfa Basappa zai koya maka. Amma buhun da muka ɗebo ba zai wuce wata biyar ba. Basappa ya so ya tanada shi, ya je ganuwa shi kaɗai ya ɗebo wata, ya dafa, ya tsoma butoci shida. Ya kawo ɗaya nan ya nuna. Launin bayan tukunya da aka wanke rabi. Abbanka ya juya ta a hannu, ya juya, ya tura ta ƙarƙashin gado. Sauran gidajen masu sana'ar kuwa ka san su, za su zo dubiya da lemo, amma babu wanda zai ɗora wa ɗan wani ƙasa a harshe.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ƙulli biyu, ɗaya da jan zare, ɗaya da baƙi. Abbanka ya ƙulla su ranar ƙarshe a ganuwa, yana ta ɓoyonsu a aljihu har ɗakin tiyata. Ɗaya ta kirki ce, ɗaya ba ita ba. Jiya ya miƙo mini, ya rubuta: "Aika masa. In yana nan, yana nan." Bai gaya wa kowa wacce ce wacce ba, kada ka tambaye ni.

Ka yi da safe kafin ka ci komai. Ka kurkure baki da ruwa zalla. Kaɗan, a gefen harshe, ba a tsakiya ba. Ka rubuto mini gaskiya, ni kaɗai.

Mahaifiyarka,
Zebunnisa

Delhi, 12 ga Disamba, 1995

Ammi,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Abba sauƙi.

Na yi yadda kika ce, safiya huɗu a jere. Na bar shayi da yaji. Na sa Tribhuwan ya rufe mini ido ya riƙa sauya mini su, wannan karon bai yi ba'a ko sau ɗaya ba. Wani lokaci sai in ji kamar ɗaya ta motsa, in sake, sai in ji ɗayar ce.

Babu cizo, babu sanyi. Ƙasa ce, Ammi, duka biyun.

Na sayi tikiti, zan iso Bidar ashirin da takwas ga wata. Sauran ƙasar tana nan, zan taho da ita. Ki gaya masa kafin in zo, ni ba zan iya ba.

Mukarram

Bidar, 20 ga Disamba, 1995

Ɗana,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida shekaranjiya. An cire robar. Yana shan kunu da cokali, yana zama a ƙofar shago.

Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Likita ya kira ni gefe ranar sallama, ya ce abin ya sauka wuya. Bai faɗi watanni nawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun da ya ji ranar zuwanka ya rubuta kalma ɗaya a allo, ya hana a goge, ya jingine shi kusa da kujerarsa: "Wacce?" Da ita zai tare ka, kafin gaisuwa.

Tun kana aji ɗaya ban taɓa barin ka leƙa takardar wani ba. Na taɓa mai da kai makaranta da ƙafa, cikin ruwa, ka gaya wa malami cewa makin da ya ba ka ya yi yawa. Abin da zan rubuta yanzu zunubinsa a kaina yake, ni zan amsa shi, ba kai ba.

Ranar da ya ƙulla su ina tsaye a bayansa, yana zaton ina kakkaɓe mayafi. Ta ɗaki na biyar ya ɗaure da jan zare.

In ya ɗaga maka allon, ka zauna a gabansa ka kwance su duka biyu. Ka fara da mai baƙin zare, ka tofar. Mai jan kuma kada ka yi saurin magana. Ka ɗan jima da ita a baki, ka runtse ido ɗaya, haka yake yi.

Mahaifiyarka,
Zebunnisa